Yau Bidi ya tsaya na ɗaure majayi bai kawo mini cizo ba

Yau da sassafe na ɗora wa dokina Bidi sirdi, na ja majayi, wato madaurin sirdi da ke zagaye cikinsa, har rami na huɗu. Bai kwantar da kunne ba, bai kaɗa wutsiya ba, bai juyo da baki ba. Kansa ma ya sunkuyar, ya saki ƙafar baya ɗaya yana hutawa a kan ukun, yana lasar leɓe. Na tsaya riƙe da madauri na kasa motsi, idona ya ciko. Wata huɗu da rabi ke nan ina neman wannan tsayuwar. Alhamdu lillahi.

Waɗanda muka faro koyon nan tare kun san tsarin da na tsara wa kaina: wata uku na saba hannu da ja da ragama, wata uku na tafiya da sassarfa, daga nan mu shiga sukuwa. In da tsarin za a bi, da yanzu labarin sukuwa nake ba ku. To, komai ya cakuɗe tun a wata na biyar, na wayi gari ban ma iya ɗaura sirdi lafiya ba, balle a yi zancen gudu.

Abin da kaɗan-kaɗan ya fara. Da ya hango ni ɗauke da sirdi sai ya matsa can ƙarshen igiyarsa. Bayan mako biyu, ina ɗora sirdin sai ya lanƙwasa baya kamar an zuba masa ruwan sanyi. Daga nan sai kwantar da kunne, sai buga ƙafar baya a ƙasa, har ran da ya juyo ya kama ni a damtse ina cikin jan majayi. Shatin haƙoransa ya yi kwana goma a jikina. Duk wanda na gaya wa amsarsa ɗaya ce: ya ƙoshi ne, ya raina ka, ka nuna masa kai ne mai shi. Ni kuma na yarda, don ina so in yarda. Na rage tsawon igiyar da nake ɗaure shi don kada bakinsa ya kai gare ni. Na riƙa daka masa tsawa. Sau uku na sa masa bulala a kafaɗa, kuma har yau in na tuna raina ɓaci yake yi. Wata biyu cur na yi ina hukunta dabbar da take gaya mini ciwo take ji ta hanya ɗaya tilo da Allah ya ba ta. Abin da na samu kawai shi ne ya daina gargaɗi. Da can yakan kwantar da kunne tukuna, in gani in ja baya. Bayan bulala sai ya riƙa kawo cizo babu sallama. Ku riƙe wannan, don a nan na fi yin ɓarna.

Da na ga ƙarfi ba ya yi, sai na koma zargin majayi. Na duba bayan hammatarsa, babu miki, babu kumburi, gashi bai goge ba. Duk da haka na sayi wani mai faɗi da laushi. Babu canji. Na ƙara shimfiɗa mai kauri a ƙarƙashin sirdi, abin ya ƙara muni, ban kuwa gane dalili ba sai daga baya.

Sai tunanina ya tafi ga gyambon ciki, domin ƙin majayi yana cikin alamun da ake yawan ambata. Ina da dalilin yin zargin. Cikin doki ƙarami ne in aka kwatanta da girmansa, bai wuce lita 8 zuwa 15 ba, kuma yana tsatso asid dare da rana, ko da abinci ko babu. An halicce shi ne ya yi ta tsinkar ciyawa kusan awa 16 a yini, ni kuwa sau biyu nake zuba masa, safe da yamma, in hau shi da sassafe cikinsa wayam. Likitan dabbobi ya zo ya auna shi: zafin jiki 37.9, bugun zuciya 36 a minti, duk lafiya lau. Ya gaya mini gaskiya cewa ba a tabbatar da gyambo sai an zura na'urar leƙa ciki ta hanci bayan an hana doki abinci, shi kuma ba shi da ita. Ya ce in so samu ne a fara duba sirdi. Ni na nace a ba shi magani, don na riga na yanke hukunci a zuciyata. Omefirazol aka ba shi, maganin rage asid ɗin ciki, miligiram 4 a kan kowane kilo na nauyinsa, kullum da safe kafin ya ci komai, har kwana 28. Kuɗin da ya tafi a nan ya fi na abincinsa na wata uku, kuma na ji shi a jikina ƙwarai, don sai da na fasa gyaran rufin bargar da na daɗe ina tara wa kuɗi. Ranar 29 na ɗauko sirdi, ya kwantar da kunne kamar jiya aka rabu.

Abu ɗaya na amfana da shi daga wannan watan, shi ne gyaran ciyarwa. Yanzu ciyawa ba ta yankewa a gabansa, yana cin kimanin kilo 7 a yini, wato kusan kashi 2 cikin 100 na nauyinsa, kuma ba na hawansa sai ya yi kamar rabin awa yana ci. Wannan ba zan sake shi ba ko da gyambo ko babu.

Wanda ya warware mini matsalar dattijon nan ne da ya fara koya mini zama a kan sirdi. Na yi ta jin nauyin kiransa, don kada ya ga abin da na mai da dokin. Da ya zo bai taɓa sirdi ba ma. Ya ce in ɗaura yadda na saba, in hau in yi sassarfa har dokin ya jiƙe. Na yi minti ashirin na sauko, na cire sirdi. Ya ce, "Zo nan, ɗana. Me ka gani?" Na ce, "Gumi, Baba." Ya ce in sake dubawa. Bayan duk ya jiƙe sharkaf, amma a gefe da gefen tudun kafaɗa, can ƙarshen geza inda wuya ya haɗu da baya, akwai wuri biyu busassu ƙayau, kowanne bai kai tafin hannu ba, ɗaya dama ɗaya hagu. Ya ɗora yatsa biyu a kan na hagun ya danna a hankali. Bidi ya durƙusar da baya, fatar wurin ta yi ta rawa, ya ja numfashi. Dattijon ya ce, "Inda ƙashin sirdi ya matse har gumi ya kasa fita ke nan. Kullum a kan wannan kake zama." Bai ƙara ko kalma ɗaya ba, ni ma ban iya ɗaga kai ba.

Tambayar da ta dame ni ita ce, sirdin nan ai shi nake amfani da shi tun ranar farko, me ya sa sai a wata na biyar? Amsar tana cikin littafin awon da nake rubutawa da hannuna. Ramamme na sayo shi, ana ƙirga haƙarƙarinsa daga nesa, tef ɗin awon nauyi da ake zagaya ƙirjin doki da shi ya ba ni kilo 330. Yanzu yana 380. Kilo 50 na nama da tsoka ya ƙaru, kafaɗa ta cika, baya ya buɗe, sirdi kuwa yana nan yadda aka ƙera shi. Ina ta murna dokina ya murmure, ban taɓa kawo wa raina cewa sirdin da ya zauna wa ramammen doki zai matse ƙosasshe ba. Shimfiɗar da na ƙara kuwa daidai take da a sa safa mai kauri cikin takalmin da ya riga ya matse. Launinsa ma ya rufe ni. Wurin da sirdi ya daɗe yana matsa yakan fitar da farin gashi, da akawali ne, wato baƙin doki, da tuni na gani, amma a jikin bidi, mai gashi gauraye da fari, farin gashi ba ya nuna kansa. Sai da muka baje gashin da yatsa muka ga wurin ya fi kewayensa haske.

Akwai kuma laifin ɗauri. Ina ɗora sirdin gaba da yawa, a kan allon kafaɗa, alhali allon nan baya yake juyowa duk sa'ad da doki ya miƙa ƙafar gaba. Kowane taku ke nan ƙashi na karo da ƙashin sirdi. Ya nuna mini in ɗora shi can gaba in zame shi baya har ya zauna da kansa, a bar kamar yatsa biyu tsakaninsa da ƙarshen allon, yatsa biyu zuwa uku su shiga tsakanin tudun kafaɗa da bakin sirdi ko da mutum yana kai, kada kuma nauyi ya wuce haƙarƙari na ƙarshe, na 18, don daga nan baya babu abin da ke tallafe da gadon bayan.

A daren nan na koma kan hoton bidiyon hawan da ƙanena ya ɗaukar mini a waya makonni kafin haka. Akwai jerin alamu 24 da Sue Dyson, masaniyar lafiyar dawaki 'yar Ingila, ta fitar tare da abokan aikinta a 2018, na gane ciwo a jikin dokin da ake kan hawa. Irin su kwantar da kunne na daƙiƙa biyar ko fiye, buɗe baki, yawan kaɗa wutsiya, karkatar da kai, lumshe ido. In an ga 8 ko fiye, akwai yiwuwar ciwo sosai. Ni da ba gwani ba na ƙirga tara. Bidiyon nan na kalle shi ya fi sau goma a baya, amma zamana nake kallo, da inda diddigena yake, da yadda na riƙe linzami. Ban taɓa kallon fuskar dokin ba.

Hutun mako uku muka ba shi, babu abin da ya hau bayansa, sai ja da hannu safe da yamma. A tsakanin nan na samo waya mai lanƙwasuwa, na kwantar da ita a kan bayansa daidai inda bakin sirdi ke zama, ta ɗauki siffar wurin, na zana a kwali na yanke. Da kwalin nan na riƙa gwada sirdi. Guda biyar na ƙi kafin na sami na hannu wanda ya yi daidai. Tsohon sirdin na sayar da shi ƙasa da rabin abin da na saya, na kuma gaya wa mai sayen ya auna dokinsa tukuna. Na nemi marar nauyi da gangan: ana ba da shawara kada abin da doki zai ɗauka ya wuce kashi 20 cikin 100 na nauyinsa, wato kilo 76 ga Bidi, ni kuwa ina 68. Sirdin kilo 7 ne, da ƙyar muka shiga.

Na ɗauka da ciwo ya warke shi ke nan. Ina! Wurin ya warke, ana dannawa ba ya motsi, amma da ya ga sirdi, sabon ma, sai ya koma ƙarshen igiya. Bai manta ba, kuma ba shi da dalilin mantawa. Nan ne aikin ya fi cin rai.

Na koma farko. Kwana uku sirdi kawai nake ratayawa kusa da inda yake cin ciyawa. Sannan na riƙa ɗauko shi in nufo shi, da na ga ya ɗaga kai ya ƙame sai in tsaya cak, ba gaba ba baya. In ya sauke numfashi ko ya sassauta wuya, nan take in juya in tafi da sirdin. Sirrin duk yana cikin wannan nan take ɗin. In ka makara da daƙiƙa biyu, ka ba shi ladan janyewar a kan wani abu dabam. In kuma ka janye yana cikin kwantar da kunne, ka koya masa cewa kwantar da kunne ne ke korar sirdi. Na yi wannan kuskuren ba sau ɗaya ba, don jikina har yanzu yana tsoron bakinsa, hannuna kan janye kafin in yi tunani. Majayi kuwa da igiya mai laushi na fara: in zagaya cikinsa da ita, in ɗan matsa da hannu, in ƙirga uku, in saki. Sau goma, in bar shi ya huta. Na kuma daina ɗaure shi gajere. Na gwammace in ga kunnensa ya gaya mini, ko da zan sha cizo.

Rana ta tara na ɓata komai. Ina sauri, na ga kwana biyu yana tsayawa, sai na ja majayi rami uku a tashi ɗaya. Ya kawo baki, ya kama hannun riga. Na zauna a bakin barga raina a jagule, har na fara tunanin ko in nemi wanda ya fi ni hannu in ba shi dokin. Kwana huɗu muka koma kan igiya kafin ya sake yarda. Tun daga ranar rami ɗaya nake ja, in ja shi mu yi taku goma, in ƙara ɗaya, mu sake takawa. In na gama sai in ɗaga ƙafafun gaba ɗaya bayan ɗaya in miƙa su gaba don fatar hammata ta baje, kada majayi ya tsunkule ta. Ɗaurin da nake yi cikin minti biyu yanzu minti goma sha biyu yake ci, ba na kuma jin asarar ko ɗaya.

Yau na hau daga kan dakali, don kada in ja sirdin gefe guda ta likkafa. Minti goma sha biyar muka yi, tafiya zalla, linzami a sake. Da na sauko na cire sirdi, abin da na fara dubawa gumi ne. Ya jiƙe bai ɗaya, dama da hagu, babu busasshen wuri. Na danna wuraren nan biyu, ko gezau.

Saura abu ɗaya da ban shawo kansa ba: ina sa ƙafa a likkafa yake fara takawa, tun ban zauna ba. Ina zaton shi ma ragowar wancan ne, don a da lokacin da nauyina ke sauka a kansa ne ciwon ya fi tsanani. Gobe zan gwada sa ƙafa in cire, sa ƙafa in cire, ba tare da na hau ba. Wanda ya taɓa fama da wannan a cikinku ya gaya mini kwana nawa ya ɗauke shi. Sassarfa sai mako mai zuwa in Allah ya yarda, kuma zan sake yanka kwali a ƙarshen wata, don har yanzu ƙiba yake yi.