Dokokin Jami'a a Lokacin Annoba: Inda Lissafin Kwanaki Yake Ɓaci

Idan annoba ta riski jami'a, takardu uku ake gaggawar fitarwa: ta allurar rigakafi, ta tafiye-tafiye, da ta aiki daga gida. Galibi ofisoshi uku ne suke rubuta su, asibitin jami'a da ofishin hulɗa da ƙasashen waje da ofishin kula da ma'aikata, kuma da wuya ɗaya ya leƙa abin da ɗan'uwansa ya rubuta. Alhali dukkansu kan kalanda ɗaya suke tafiya. Abin da cutar korona ta nuna daga 2020 zuwa 2022 shi ne, yawancin rikicin da aka sha daga lissafin kwanaki ya taso, da rashin fayyace wanda doka ta shafa da wanda zai biya idan abu ya lalace.

A ranar 25 ga Maris 2021 Jami'ar Rutgers ta Amurka ta sanar cewa ɗalibanta sai sun yi rigakafi kafin su dawo a zangon da zai fara ƙarshen bazara. Tana cikin na farko da suka yi haka, kuma hikimar tana cikin watan da ta zaɓa. A lokacin, ba a lissafa mutum cikin masu cikakken rigakafi sai ya cika kwana 14 bayan allurarsa ta ƙarshe. Allurar Pfizer sau biyu ake yi, da tazarar kwana 21, ka ga kwana 35 ke nan gaba ɗaya. Ta Moderna tazararta kwana 28 ce, ta kama 42. Ta AstraZeneca kuwa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar tazarar mako 8 zuwa 12, wato aƙalla kwana 70. A cikinsu ta Johnson & Johnson ce kaɗai ake yi sau ɗaya a jira kwana 14. To, a ce za a buɗe ɗakunan kwanan ɗalibai ranar 1 ga Satumba. Mai Pfizer sai ya yi ta farko kafin 28 ga Yuli ta wuce, mai Moderna 21 ga Yuli, mai AstraZeneca tun 23 ga Yuni. Sanarwar da ta ambaci ranar buɗewa kawai, ba ta jera waɗannan ranaku ba, ta bar ɗalibi ya gano a watan Agusta cewa ya makara. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Sai batun wace allura aka yarda da ita. Jami'o'i da yawa sun ce za su karɓi wadda hukumar magunguna ta ƙasarsu ta amince da ita, ko wadda ke cikin jerin gaggawa na Hukumar Lafiya ta Duniya. Sinopharm ta shiga jerin a 7 ga Mayu 2021, Sinovac a 1 ga Yuni, Covaxin ta Indiya sai 3 ga Nuwamba, Sputnik V ta Rasha kuwa ba ta shiga ba. Sakamakon haka, ɗalibin da ya yi allura biyu a ƙasarsa ya iso a matsayin wanda bai yi ko ɗaya ba. Mafita mai ma'ana ita ce a ba shi matsayi na wucin gadi: ya zo, a yi masa gwaji a kai a kai, a yi masa allurar da aka yarda da ita a asibitin jami'a. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ce a bar aƙalla kwana 28 tsakanin tsohuwar allurar da sabuwar, don haka wannan ma sai ya shiga lissafi.

Shaidar da ake nema ta ƙunshi suna kamar yadda yake a fasfo, ranar haihuwa, sunan allura, lambar rukunin da aka ɗebo ta, da ranar kowace allura. Wuri biyu ake yawan tuntuɓe. Na farko sunan da ke kati ya saɓa da na rajista. Na biyu tsarin rubuta rana: 03/07 a wata ƙasa 3 ga Yuli ne, a Amurka 7 ga Maris. Fom ɗin da ya tilasta a zaɓi sunan wata da haruffa ya kashe wannan fitinar. Kuma katin nan bayanin lafiya ne, asibitin jami'a kaɗai ya kamata ya gan shi. Abin da malami ko mai gadin ƙofa ke buƙatar sani bai wuce an ba wannan izinin shiga ko ba a ba shi ba.

Dole a bar ƙofa ga wanda likita ya tabbatar allurar za ta cutar da shi, misali wanda jikinsa ya yi mummunan bore bayan ta farko. A Amurka ana ƙara uzurin addini. Ɗalibai takwas sun kai Jami'ar Indiana ƙara kan dokarta, suka faɗi a kotun farko da ta ɗaukaka ƙara, sannan a 12 ga Agusta 2021 Mai Shari'a Amy Coney Barrett ta Kotun Ƙoli ta ƙi dakatar da dokar. Kotun ɗaukaka ƙarar ta dogara da hukuncin 1905 kan rigakafin agana a jihar Massachusetts, ta kuma lura cewa jami'ar ta bar hanyar neman uzuri, inda mai uzuri zai sa takunkumi ya riƙa yin gwaji. Amma a jihohi irin su Florida da Texas gwamnati ce ta hana jami'o'inta tilasta rigakafin. Lauyan jami'a ya kamata ya fara karanta takardar kafin kowa.

Idan a harabar za a yi allurar, akwai ƙananan abubuwa da ke jawo asara. Kwalbar Pfizer da ake amfani da ita a 2021 allurar mutum shida ce, kuma da zarar an sirka ta, cikin awa shida za a yi amfani da ita ko a zubar. Saboda haka a riƙa ba da lokaci shida-shida, a kuma ajiye jerin waɗanda za a iya kira nan take idan wani bai zo ba. Kowa ya zauna minti 15 bayan allura, mai tarihin borin jiki minti 30, da allurar adiranalin, maganin gaggawa na borin jiki, a kusa. Kada kuma a yi wa ma'aikatan sashe guda rana ɗaya. Zazzaɓi da kasala kan biyo baya washegari, sai a wayi gari babu kowa a ɗakin girki ko ofishin tsaro.

Rigakafi ya rage kwanciya asibiti da mutuwa ƙwarai, amma bai toshe yaɗuwa ba. A Disamba 2021 Jami'ar Cornell, wadda kusan dukkan ɗalibanta sun yi allura, ta samu kimanin ɗalibai 900 da cutar cikin mako guda lokacin da nau'in Omikuron ya ɓulla, ta mayar da jarrabawar ƙarshen zango ta intanet. Shi ya sa gwaji ba ya fita daga tsarin. Jami'ar Illinois ta ƙirƙiro gwajin yawu a 2020, ɗalibi ya yi sau biyu a mako, manhajar wayarsa ce take ba shi izinin shiga gini. Jami'ar Arizona kuwa ruwan masai na ɗakunan kwana ta riƙa gwadawa, a Agusta 2020 ta ga alamar ƙwayar cutar a wani gini, ta gwada mazaunansa sama da 300 ta gano biyu da ba su ji komai a jikinsu ba. Abu ɗaya da ake mantawa: gwajin PCR, wanda ke neman alamar ƙwayar cutar a samfur, na iya ci gaba da nuna cutar har kwana 90 bayan mutum ya warke. Wanda ya warke a ba shi takarda, a cire shi daga gwajin na wannan tsawon lokaci, in ba haka ba za a yi ta killace lafiyayye.

A ɓangaren tafiya, jami'a tana da iko a kan tafiyar da ta biya ko aka yi da sunanta. Tafiyar da mutum ya yi don kansa, iyakarta ta gindaya sharaɗin dawowa. Abin da ya fi amfani shi ne rajista: kowa ya rubuta inda zai je, ƙasashen da zai yada zango, da ranar dawowa, tun kafin a saki kuɗin tikiti. Ranar 24 ga Nuwamba 2021 Afirka ta Kudu ta kai rahoton Omikuron, kwana biyu bayan nan Birtaniya ta riga ta sa ƙasashe shida na kudancin Afirka cikin jerin ja. A lokacin, mai dawowa Birtaniya daga can sai ya killace kansa kwana 10 a otal, a kan fam 2,285. Malamin da ya tafi taro doka na cewa abu ɗaya, ya dawo tana cewa wani. Wa zai biya otal ɗin, sashensa, kuɗin bincikensa, ko aljihunsa? A rubuta amsar tun ba a tashi ba. A kuma karanta takardar inshora da kyau, domin da yawa ba sa biyan komai idan an je ƙasar da gwamnati ta yi gargaɗi a kanta.

Wa'adin gwaji ma canzawa yake. Daga 26 ga Janairu 2021 Amurka ta nemi gwajin da aka yi cikin kwana uku kafin hawa jirgi, daga 6 ga Disamba ta mayar da shi kwana ɗaya. Wasu ƙasashen a lokacin da awa suke lissafi, 72 ko 48, kuma daga lokacin da aka ɗauki samfur ake ƙirgawa. Jirgi ya yi jinkiri, takarda ta mutu. Duk kasafin tafiya ya haɗa da kuɗin gwaji na biyu da na zaman kwana 10 a waje idan gwajin ya nuna cutar.

Ɗalibin ƙasar waje shi ne wanda dokokin uku suke haɗuwa a kansa. A 6 ga Yuli 2020 hukumar shige da fice ta Amurka ta ce ɗalibin da dukkan darussansa suka koma intanet ya bar ƙasar. Jami'o'in Harvard da MIT suka garzaya kotu, gwamnati ta janye a 14 ga Yuli. Kwana takwas kacal, amma ya isa ya nuna cewa shawarar da kwamitin karatu ya yanke tana iya taɓa bizar mutum.

Aiki daga gida kuma, da irin aiki ake raba shi, ba da muƙami ba. Farfesa na iya koyarwa daga falonsa. Mai ciyar da dabbobin bincike, mai duba firjin da ke riƙe samfura a ma'aunin 80 ƙasa da sifiri, da mai cika tankin ruwan naitirojin, dole ƙafarsu ta taka harabar. Waɗannan a raba su rukuni biyu da ba sa haɗuwa ko a wurin cin abinci, don idan an killace ɗaya ɗayan ya riƙe aikin. Su ne kuma ya dace a fara yi wa allura.

Na gida a ba shi kwamfutar ofis, ya shiga ta VPN, wato killatacciyar hanyar intanet zuwa ofis, da tantancewa mai mataki biyu. A ƙarshen Maris 2020 hukumar FBI ta yi gargaɗi kan masu kutse cikin azuzuwan Zoom, kuma maganin bai wuce kalmar sirri da ɗakin jira ba. A Yuni na shekarar, Jami'ar Kalifoniya da ke San Francisco ta biya dala miliyan 1.14 ga ɓarayin da suka kulle bayanan makarantarta ta likitanci. Sai a fayyace ma'anar gida. Ma'aikacin da ya koma wata ƙasa da kwamfutarsa yana iya faɗawa ƙarƙashin harajinta, galibi idan zamansa ya kai kwana 183, kuma wasu masu ba da kuɗin bincike ba sa yarda bayanansu su ƙetare iyaka. A bambanta wanda aka killace don ya yi hulɗa da mai cutar da wanda ya kamu yana jinya. Na farko zai iya aiki daga gida, na biyu hutun rashin lafiya ne haƙƙinsa.

Alƙaluman nan duk suna motsi. A 27 ga Disamba 2021 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta rage keɓewa daga kwana 10 zuwa 5, ana tsakiyar hutu. Jami'ar da ta rubuta 10 a takardar rigakafi, da ta tafiya, da ta ma'aikata, da allon ɗakin kwana, sai ta gyara wasu ta manta wasu. Gara a ajiye dukkan alƙaluman a shafi guda mai ɗauke da ranar gyara ta ƙarshe, sauran takardun su riƙa nuni zuwa gare shi. Kowace doka kuma a sa mata ranar da za a sake duba ta, a faɗi ofishin da zai duba, da tsawon lokacin da za a riƙe hotunan katunan rigakafin da aka tara kafin a goge su.