Ɓarnar da Hawan Jini Ya Yi wa Idona a Ɓoye

Ina da shekara 43 aka fara gaya mini cewa jinina ya hau, domin awo biyu da aka yi mini a ranaku daban-daban duk sun haura 140/90. An rubuta mini amlodipine, ƙwaya ɗaya kullum, na kuwa sha ta wata uku cur. Da na ga ba ciwon kai, ba jiri, sai na yanke wa kaina hukuncin cewa na warke, na tura kwalin can ƙuryar durowa. Ƙannena, wannan ne kuskurena na farko, kuma shi ne babba, domin hawan jini ba ya sallama kafin ya yi ɓarna.

Bayan shekara huɗu rubutu ya fara yi mini dishi-dishi, sai na ɗora wa tsufa laifin, na sayi tabarau ba tare da kowa ya duba idon ba. Na ci gaba da haka har wata safiya da na rufe idon dama ina wanke fuska, na ga gefen ƙofa ya lanƙwashe a idon hagu, da wani duhu kamar an shafa toka a tsakiya.

Likitan ido ya ɗiga mini maganin da ke buɗe baƙin ido, ya ɗauki hoton cikinsa, ya juyo da allon wajena. A can bayan ƙwayar ido akwai wani tantani siriri da ake kira retina, wanda yake karɓar haske ya aika wa ƙwaƙwalwa, kuma nan ne likita yake iya kallon ƙananan jijiyoyin jini da idonsa ba tare da an yanka jiki ba. Nawa sun tsuke sun yi kauri saboda shekarun da suka yi suna jure matsi. A inda jijiyar da ke kawo jini ta gitta kan mai mayar da shi, ta danne ta har ta toshe, jini da ruwa suka tsiyaye suka kumbura tsakiyar tantanin, wato daidai wurin da ake karatu da gane fuska da shi. Na ga jajayen ɗigo masu kama da harshen wuta, da fararen tabo kamar an yayyafa auduga, waɗanda ya ce wurare ne da jini ya daina isa. Ya ƙara da cewa abin da ya gani a ido yana iya faruwa a ƙoda da ƙwaƙwalwa, shi ya sa aka tura ni gwajin fitsari da na jini.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, babban maganin yana cikin durowar da na rufe. Saukar da jini shi ne tushen jinyar: na koma kan ƙwayata, aka ƙara mini wata, aka ce gishirina kada ya kai giram 5 a rana. Kumburin kuwa sai da aka yi mini allurai a cikin idon, wata-wata, bayan an kashe zafin wurin. Wasu ana haɗa musu da hasken lesa. Wanda jininsa ya kai 180/120 kuma ganinsa ya dushe, ko kansa yana sarawa, asibiti zai nufa a wannan ranar, kuma a can ma a hankali ake saukar da shi, domin saukarwa farat ɗaya tana iya cutar da jijiyar gani.

Jajayen ɗigon da fararen tabon sun ɓace cikin 'yan watanni, amma jijiyoyin da suka yi kauri suna nan yadda suke. Yanzu ina auna jinina a gida, ina kai idona dubawa kowace shekara, kuma har yau idan na rufe idon dama, ƙananan haruffa ba sa tsayawa sosai a na hagu.