Yadda ƙwayar halitta ke ɗinke DNA a inda kuromosom ya cushe

Idan zaren DNA ya tsinke gida biyu, gyaran da ya fi inganci shi ne na kwafi. Ana gutsire bakin tsinkewar har sili ɗaya ya fito, furotin Rad51 ya lulluɓe shi, sannan ya je neman jeri irinsa a tagwayen kuromosom ɗin (kuromosom shi ne ƙunshin zaren DNA a cikin ƙwayar halitta) ya kwafo abin da ya ɓace.

To, a hetarokromatin, wato yankin da ke cushe a gefen ƙugun kuromosom, nan gizo ke saƙa. Jerin wurin maimaici ne zalla. A ƙugun kuromosom ɗin mutum akwai wani guntun DNA mai harufa 171 da ke maimaituwa sau dubbai. Ko'ina Rad51 ya duba, irinsa zai gani, har a kuromosom ɗin da ba nasa ba. In ya kama wanda ba shi ba, sai wani yanki ya salwanta, ko kuromosom biyu su manne su kasa rabuwa lokacin da ƙwayar za ta rabu.

Dabarar ita ce jinkiri. A 2011 Irene Chiolo da abokan aikinta suka nuna a ƙwayoyin ƙudan Drosophila cewa gutsirar bakin tana farawa a cikin cushewar, cikin 'yan mintuna, amma gungun furotin da ake kira Smc5/6 yana tare Rad51, ba ya shiga. A 2015 aka gano cewa SUMO, wata ƙaramar alama da ake liƙa wa furotin, ita ma tana da hannu a wannan tarewar. Yankin ya ɗan saki, sai a fitar da tsinkewar waje. Daga baya aka gano masu dakon: gungun furotin Arp2/3 na shimfiɗa zaren furotin aktin a matsayin hanya, furotin mayosin na jan kayan a kansa har bangon cibiyar ƙwayar. Can ne ake ɗage takunkumin, Rad51 ya hau aiki, maimaicin da zai ruɗe shi kuwa an baro shi a baya. Cire Smc5/6, sai Rad51 ya kutsa tun a ciki, a ga zaruruwan DNA sun sarƙe tsakanin kuromosom.

A dabbobi masu shayarwa akwai ƙarin kulle. Furotin ATM ne ke liƙa alamar fosfet a wani gurbi (sirin na 824) na furotin KAP1, mai riƙe cushewar, don ta sassauta. In babu ATM, waɗannan tsinkewar sukan daɗe ba a rufe su ba. A ƙwayoyin ɓera kuma tafiyar gajera ce, iyakarta gefen dunƙulen hetarokromatin.