Sauti a Linux: abin da zan bar wa mai karɓar ɗakin kwamfutoci

Babu umarnin da ya ci mana lokaci a ɗakin nan kamar "a goge, a sake zubawa". Da zarar lasifika ta yi shiru sai oga ya ce a sake zuba Ubuntu (nau'in Linux ɗin da ke kan kwamfutocinmu), a wuni ana mayar wa mutane manhajojinsu, a kunna, shirun yana nan daram. To ina zai je? Sabon zubi da kernel (zuciyar Linux mai sarrafa kayan na'ura) ɗin jiya yake zuwa, da saitin jiya. Ƙarshenta a rubuta a rahoto wai ma'aikaci ne bai san aikinsa ba.

Sauti a Linux hawa-hawa ne. ALSA ce a ƙasa, cikin kernel, ita ke magana da katin sauti. A samanta akwai PulseAudio ko PipeWire, masu raba sauti tsakanin manhajoji; Fedora, wani nau'in Linux, ta koma PipeWire a 2021, Ubuntu ta bi sahu daga fitowar 22.10. Daga ƙasa ake fara bincike, da rubuta umarnin aplay -l a terminal, wanda ke jera katunan sautin da ALSA ta gani.

In katin ya bayyana, yawanci direba (manhajar da ke tafiyar da katin) lafiya lau yake, kada ka taɓa shi. Buɗe alsamixer, danna F6 ka zaɓi katin, domin sau da yawa HDMI, wato wayar allo, ce a gaba, sautin yana tafiya allon da ba shi da lasifika. Duba ƙasan Master, Speaker da Headphone: in ka ga MM an toshe shi ke nan, danna M ya koma 00. Matsa dama har ka kai Auto-Mute Mode. Aikinsa kashe lasifika in an cusa abin kunne, amma ramin abin kunnen da ya sha ƙura ko ya saki yakan sa katin ya zaci kullum akwai abu a ciki. Mayar da shi Disabled, ka gwada da speaker-test -c 2 -t wav, za ka ji murya tana kiran hagu da dama. Sannan sudo alsactl store, in ba haka ba gyaran na iya tafiya da an kashe na'ura. Wannan aikin minti biyar shi ne ake kashe wa wuni guda.

In kuwa aplay bai ga komai ba, saitin sauti kuma yana nuna Dummy Output, maganar ta sauya. A sababbin kwamfutocin cinya masu Intel yawanci firmware na SOF, wato ƙaramar manhajar da guntun sautin ke buƙata kafin ya yi aiki, shi ne babu. Umarnin sudo dmesg | grep -i sof zai faɗi sunan fayil ɗin da aka nema aka rasa. A Debian da Ubuntu kunshin shi ne firmware-sof-signed, saka shi ka sake kunnawa. Akwai dabarar da ake yawan yaɗawa, ta rubuta options snd-intel-dspcfg dsp_driver=1 cikin wani fayil a /etc/modprobe.d. Tana dawo da lasifika, gaskiya ne, sai dai makirufon cikin na'ura yakan tafi, ba kuma za ka sani ba sai ranar taron Zoom, gaban jama'a.

Sai ALSA ta yi ƙara ake hawa sama: pactl info ya gaya maka wanda ke riƙe da sautin, pavucontrol ya nuna inda kowace manhaja ke zuba nata.

Sauran gajeru ne. Kada ka cire PulseAudio don haushi, wani lokacin yana jan wasu kunshe-kunshen desktop ya tafi da su. Tsohon .asoundrc, fayil ɗin saitin ALSA, da wani ya kwafo shekarun baya, sauya masa suna kafin ka zargi kowa. Ƙas-ƙas ɗin da ake ji kafin sauti ya fara, saitin power_save=0 na direban snd_hda_intel ke maganinsa. Na'urar da ke da Windows a gefe, a kashe mata Fast Startup a cikin Windows ɗin. Abu ɗaya ake sauyawa a lokaci guda, a rubuta shi da kwanan wata a littafin da ke cikin durowa, a kai wa oga ya sa hannu.