A Roma na shiga ƙirga manzanni

Majami'ar Lateran ce ta fara tsayar da ni, tun gajiyar jirgi ba ta sake ni ba. Nan ce kujerar Fafaroma a matsayinsa na bishop ɗin Roma, kuma shiga kyauta ce, sai dai layin binciken jaka. Kana shiga za ka ga manzanni goma sha biyu na farin dutse, shida dama shida hagu, kowanne ya fi tsayin mutum biyu. A farkon shekarun 1700 aka sassaƙa su. Bitrus da mabuɗai, Matiyu ya take jakar kuɗi da ƙafa, Saminu da zarto, Bartalamawas kuwa riƙe da wuƙa da fatar jikinsa, domin an ce feɗe shi aka yi. Na daɗe ina koyar da yara a makarantar Lahadi, don haka bakina ya shiga kiran sunaye da kansa. Ga Bulus da takobinsa. Matiyas babu shi.

Abin ya tsaya mini a rai, domin babin farko na Ayyukan Manzanni bai bar shakka ba. Bayan Yahuza ya faɗi, Bitrus ya miƙe a gaban mutum wajen 120 ya kafa sharaɗi: sai wanda ya bi Yesu tun daga baftismar Yahaya har ranar da aka ɗauke shi sama, ya zama mashaidin tashinsa. Aka tsayar da Yusufu da ake kira Barsaba da Matiyas, aka yi addu'a, ƙuri'a ta faɗa kan Matiyas. Bulus bai cika wannan sharaɗi ba, lokacin ma bai tuba ba. To wa ya cire bawan Allah daga gurbinsa?

Kashegari a dandalin majami'ar Bitrus na ɗaga kai, sai ga Matiyas can ƙarshen layi a kan rufin gaba. Siffofi 13 ne a saman: Yesu, Yahaya Maibaftisma da manzanni goma sha ɗaya. Bitrus da Bulus an sauko da su ƙasa, gefen matakala. Gari ɗaya, ikilisiya ɗaya, lissafi biyu. Na ji daɗin ganinsa kamar wanda aka mayar wa haƙƙinsa.

A nan Allah ya haɗa ni da wani Fada ɗan ƙasarmu da ke karatu a birnin. Ya ji ina magana da abokiyar tafiyata, ya juyo ya ce, "Mama, barka da zuwa, yaya hanya?" Mutumin nan ya bar abin da yake yi ya zagaya da mu, ya kai mu masaukinsu, ya ciyar da mu, ya hana mu taɓa jaka. Na ce, "Fada, gaya mini tsakani da Allah, su nawa ne?" Bai ba ni amsa da ka ba. Ya buɗe Littafi Mai Tsarki a kan teburin cin abinci muka bi ayoyi. Ayyukan Manzanni 14:14 ya kira Barnaba da Bulus manzanni. Galatiyawa 1:19 ya sa Yakubu ɗan'uwan Ubangiji a cikinsu. A 1 Korantiyawa 15 Bulus ya ambaci sha biyun, can gaba kuma ya ce "dukan manzanni", alamar taron ya fi sha biyu. Ibraniyawa 3:1 ma Yesu kansa ya kira Manzo. Sai ya nuna mini abin da ya fi kama ni: da Hirudus ya kashe Yakubu ɗan'uwan manzo Yahaya, ɗaya daga cikin sha biyun, da takobi a babi na 12 na Ayyukan Manzanni, ba a zaɓi kowa a madadinsa ba. Gurbin Yahuza cin amana ce ta buɗe shi, mutuwa ba ta buɗe gurbi. Shi ya sa Wahayi 21:14 ke maganar harsasai goma sha biyu ɗauke da sunayen manzanni goma sha biyu, ba ƙari.

Da muka iso Romawa 16:7 sai da na ajiye cokali. Bulus na gaida Andaranikas da Yuniya, 'yan'uwansa da aka ɗaure tare da shi, shahararru a cikin manzanni, waɗanda suka riga shi bin Almasihu. Yohanna Kirisostom, babban mai wa'azin nan da ya rasu a 407, ya ɗauki Yuniya mace ce, ya kuma yi mamakin girman da ta samu. Ga ni a garin da aka aiko wa wasiƙar, kuma duk inda na bi ban ga siffarta ba. Maryamu Magadaliya ta fi ta sa'a: tun da can ake ce mata manzon manzanni, domin ita aka aika ta kai musu labarin tashi, kuma a 2016 Fafaroma Faransis ya ɗaga ranarta ta 22 ga Yuli zuwa matsayin idi. Fada ya ce 'yan Otodoks sun ma fi faɗaɗawa, mutum saba'in ɗin da Yesu ya aika a Luka 10 duk manzanni suke kiransu.

Kabarin Bulus yana majami'arsa da ke bayan ganuwar birni, wadda gobara ta ci a 1823 aka sāke gina ta. Ta wata 'yar taga ake hango gefen akwatin dutsen. Na durƙusa ina tuna hujjar da shi ya kawo da aka yi masa gardama kan manzancinsa: bulala arba'in ba ɗaya har sau biyar, duka da sanduna sau uku, jifa sau ɗaya, jirgi ya fashe da shi sau uku. Duk da haka ya ce shi ne mafi ƙanƙanta a cikin manzanni. A gida kuwa yaro zai buɗe coci bana, baɗi ka ga hotonsa a bango da "Manzo" a gaban sunansa. Wannan yana ƙona mini rai. Ban ce aikin manzanci ya ƙare ba, Afisawa 4:11 na nan, amma Wahayi 2:2 ya yabi ikilisiyar Afisa don ta gwada masu kiran kansu manzanni.

Halin mutanen garin gauraye ne. A wata majami'a da ba zan kama sunanta ba, mai gadi ya daka wa wata tsohuwa a cikinmu tsawa tana tsakiyar addu'a, wai lokacin rufewa ya yi, har da tafa mata hannu a kunne. Ba a yi wa babba haka. Tsada kuwa sai wanda ya gani. Kusa da Batikan robar ruwa yuro uku, alhali ga famfunan titi na zubar da ruwa mai sanyi kyauta dare da rana. Shayi a tsaye kuɗinsa daban, ka zauna ya ninka. Wani mai talla ya ce ɗankwali yuro goma, na tsaya a huɗu, ya bi ni har bakin titi ya sallama.

Sauran wuraren a gurguje muka bi. A majami'ar Kilemen akwai kabarin Siril, wanda ya rasu a Roma a 869, shi da ɗan'uwansa Metodiyas ake kira manzannin Silabawa, mutanen gabashin Turai. Bartalamawas an ce yana tsibirin kogin Taiba. Muka hau jirgin ƙasa zuwa Salerno wajen Matiyu, muka zarce Amalfi, inda aka kawo ƙasusuwan Andarawas a 1208. Matiyas an ce yana Tiriya ta Jamus, kuma guzurina bai kai can ba.