Ziyara Zuwa Tsibirin Kwasakwasa a Luwiziyana

Daga New Orleans zuwa Grand Isle, a jihar Luwiziyana ta Amurka, babu abin faɗi sai ruwa hagu da dama, da gidajen da aka ɗora a kan dogayen ginshiƙai saboda ambaliya. Abin da ya kai ni shi ne tsibirin Queen Bess da ke mashigin Barataria, inda kwasakwasa ke yin sheƙa.

Mai kwalekwalen da na ɗauka haya ya yanka mini kuɗin da sai da na dafe ƙirji, kuma da na taya sai ya dube ni kamar na zage shi. Amma fa ya san tsuntsun nan ciki da bai. Hoton kwasakwasa ne a tutar jihar, duk da haka a farkon shekarun 1960 ta ɓace ƙarƙaf daga jihar, domin magungunan ƙwari irin su DDT suna sa ɓawon ƙwanta ya yi rauni har ya fashe idan ta kwanta a kai. A 1968 aka soma kawo 'ya'yanta daga Florida, a 1971 kuma suka yi sheƙa a wannan tsibiri. Daga baya teku ta cinye ƙasar, malalar man da ta biyo bayan fashewar dandalin haƙar mai na Deepwater Horizon a teku a 2010 ta ƙarasa ɓarnar, har wurin sheƙa ya koma kusan eka 5.

Da kuɗin diyyar malalar, dala miliyan 18.7, aka yaso rairayi daga kogin Mississippi aka cike tsibirin, aka ƙarfafa duwatsun da suka kewaye shi, aka kammala a Fabrairun 2020 kafin tsuntsayen su dawo. Na tuna ƙasar Ogoni a Najeriya, inda aka daɗe ana maganar share man da ya malala, sai raina ya sosu.

An hana sauka a lokacin ƙyanƙyasa, don haka daga ruwa muka tsaya. Tun daga nesa warin kashinsu ya tare mu. Na ga ɗan tsako fari, ya cusa kansa dungurungum cikin jakar maƙogwaron uwarsa yana zaƙulo kifi, uwar kuwa ko a jikinta. A ganina aikin ya ci kuɗinsa, ko da yake ƙasar yankin tana ci gaba da nutsewa, kuma wata rana sai an sake zuba wani rairayin.

Da muka dawo gaɓa, mutumin da ya ƙi rage mini ko sisi ya ba ni dafaffen jatan lande cike da leda kyauta. A filin jirgi kuwa wani jami'i ya zazzage jakata ba tare da ko sannu ba.