Daga Barikin Burma Zuwa Kamina: Abin da Na Gani a Kan Sitiyari

Tuƙi ne aikina a sojan Ghana. Babbar mota na riƙe tun ina farabiti har na ajiye kaki ina saje, kuma yawancin tafiyarmu daga barikin Burma na Accra ne zuwa barikin Kamina na Tamale, mu yada zango a Kumasi.

Ina sabon direba aka sauya hannun tuƙi a ƙasar nan, ranar 4 ga Agusta 1974, muka bar hagu muka koma dama. Mai sitiyari a dama ba ya iya wuce mota sai na kusa da shi ya leƙa masa hanya. A nan na gane cewa sabo ya fi rashin sani haɗari.

Dokar ayari ba ta da yawa, amma ba a wasa da ita. Kafin asuba ka duba ruwa, baƙin mai, taya da birki. Gudun ayari gudun motar da ta fi nauyi ne. A gangara giya ke riƙe mota, wanda ya dogara da birki kaɗai zai ji ƙaurinsa. Wurin da na fi tsoro shi ne bayan Kintampo zuwa gadar Buipe: hanya ta miƙe, rana ta take, barci ya sato mutum. Goro ba ya maganinsa, sai ka tsaya. Direbobin bas na yau da ke kwana biyu a kan sitiyari suna ba ni tausayi ƙwarai.

Tarihi kuwa a unguwar Aboabo na same shi, wurin wani dattijo ɗan mazan jiya da ya yi yaƙin Burma. Ya tambaye ni, "Yaro, ka san Kaminar da kake zuwa?" Ashe sunan wani wuri ne a Togo inda Jamus ta kafa tashar sadarwa, sojojinmu suka nufe ta a Agustan 1914. A wannan tafiya wani sojanmu, Alhaji Grunshi, ya yi harbin farko na ɓangaren Ingila a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Shi kansa dattijon da Japan suka gwabza, ya dawo ya tarar da alkawuran Turawa sun zama iska. Neman wannan haƙƙi ne ya kai ga harbe 'yan mazan jiya uku, Saje Adjetey da Kofur Attipoe da Farabiti Odartey Lamptey ranar 28 ga Fabrairu 1948.

Tushen rundunar sojan Ghana ma dakarun Hausa ne na Turawan mulki, waɗanda suka zama rundunar Gold Coast (sunan Ghana a zamanin Turawa) a 1901, shi ya sa Hausa ta daɗe tana yawo a bariki. Ba duka ne abin alfahari ba, domin da su aka yaƙi Asante a 1874 da 1900. Ganuwar sojan Turawa ta Kumasi, wadda jagorar mayaƙan Asante Yaa Asantewaa ta yi wa ƙawanya a 1900, yanzu gidan tarihin soja ce, amma yaran zangonmu da yawa suna wuce ƙofarta kullum ba su taɓa shiga ba. Jikokina dai na kai su.